Shekarar da Ba a Je Fili Ba

Ban taɓa tsanar wani abu a duniya kamar yadda na tsani rediyon Baba a shekarar annobar nan ba. 'Yar ƙarama ce baƙa, an ɗaure bayanta da roba don kada batir ya zube, amma bakinta ya fi na kowa a gidan. Tun safe take manne a kunnensa. Ba labarin waɗanda suka kamu yake bi ba, ba na asibitocin da suka cika ba. Abu ɗaya tak yake jira ya ji: za a yi Fili bana, ko an soke?

"Baba, don girman Allah ka rage ta," in ji ni daga kan keken ɗinki. "Kaina zai tsage."

"Yanzu za su karanta sanarwa."

"Jiya ma haka ka ce."

"Ai jiya ba su karanta ba. Shi ya sa yau za su karanta."

Ka ji fa. Da me za ka amsa wa mutum irin wannan?

Ni tela ce. Shagona ɗakin gaba ne na gidanmu, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida, don haka duk abin da ake yi a ciki a idona ake yi. Tun da cutar ta shigo aka hana taro, ba mai kawo ɗinkin kirki. Takunkumin fuska kawai nake ɗinkawa da ƙyallayen da suka rage, har yatsuna suka haddace shi.

Fili kuwa, ga wanda bai sani ba, taron waƙoƙin gargajiya ne da ake yi shekara-shekara a bayan gari in damina ta ɗauke. Yana da wani dogon suna a jikin allo, amma ba mai kiransa da shi, mu dai Fili muke cewa. Tsofaffin mawaƙa ke zuwa daga ƙauyuka, mai molo, mai sarewa, mai ganga, su hau dandamalin katako a yi ta yi har 'yan kwanaki. Abin da ya raba shi da sauran taruka, mawaƙi ba ya zuwa da 'yan amshi. Jama'a ne 'yan amshinsa. Zai ja baiti ya saki, ya yi shiru, ya bar wa mutane wurinsu. Kuma ba kowa ke fara ɗauka ba. Akwai wata babbar bishiya a hagun dandamalin, a gindinta wasu mutane ke shimfiɗa tabarma tun ina goye, kowa da gurbinsa, kafaɗa da kafaɗa. Su ke fara amshi, sannan sauran jama'a su ɗauka.

A cikinsu kuma Mama ce gaba. Ba ta ɗaga hannu, ba ta ba da wata alama. Kafaɗarta kawai suke ji. In ta ja numfashi kafaɗar ta ɗaga, na kusa da ita ya ja nasa, na kusa da shi ya ja, sai ka ji murya ta tashi gaba ɗaya. Baba shi ne mai kai ta. Direban motar haya ne kafin gwiwa ta sauke shi, har yau Direba ake ce masa. Shi ke ɗaukar tabarma da filas ɗin shayi, ya zauna a bayanta ya riƙe mata takalma.

To, sai mantuwa ta kama Mama.

Da fari dariya muke yi. Ta sa cokali a firij, ta yi ta neman mayafin da ke kanta. Daga baya dariyar ta ƙare. Sunaye suka fara zube mata ɗaya bayan ɗaya. Ni wata rana 'yarta ce, wata rana ƙanwarta, kuma ban damu ba, ko wacce ce dai tana yarda in yi mata wanka. Baba ne abin ya faɗa wa. Wata safiya ya shiga ɗakinsu ɗauko hula, ta ja mayafi ta rufe kai, ta leƙo ta kira ni da hannu.

"Wane ne wannan bawan Allah? An ba shi ruwa kuwa?"

Mutumin da suka yi shekara arba'in da ɗoriya a ɗaki ɗaya. Ranar ya kwashe kayansa ya koma ƙaramin ɗakin da muke ajiye tarkace. Tun daga nan ya zama baƙo a gidansa. Kullum da safe takan gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ya hanya, ya mutanen gida. Shi kuma ya ce lafiya lau, suna gaishe ki. Ni in na ji an fara wannan gaisuwa sai in taka keke da ƙarfi don kada in ji ƙarshenta.

Bara a hakan muka kai ta Fili. Ban so ba, shi ya nace. Muka zaunar da ita a gurbinta, tana ta kalle-kalle, ba ta gane kowa ba, har aminiyarta Ungozoma da ke manne da ita ta dama. Sai Mai Molo ya hau, wani tsoho siriri wanda Mama ta fi so a duk mawaƙan. Ya taɓa tsirkiya, ya ja baiti: "Hadari ya taso ta bayan dutse." Ya saki.

Da idona na ga kafaɗar Mama ta ɗaga.

"A kwashe shanya, a kwashe!"

Gindin bishiya ya ɗauka, fili ya ɗauka. Ba ta kuskure ko kalma ɗaya ba har waƙar ta ƙare. Da aka gama ta waiwaya baya tana haki, ta dubi Baba, ta ɗaure fuska.

"Direba, ka kulle ƙofar baya kuwa da za mu fito?"

"Na kulle."

"Kai dai ba ka da tabbas," ta ce, ta ɗan buge shi a gwiwa.

Wunin nan duka ta san shi. Ta yi masa faɗan ya cika sukari a shayi, ta gyara masa wuyan riga. Da muka dawo gida ya buɗe mata ƙofar mota, sai ta fito ta yi masa godiya, ta ce Allah ya kiyaye hanya. An koma gidan jiya.

Abin da Baba ke jira ke nan. Kowa yana jiran Fili don waƙa, shi yana jira don matarsa ta sake dubansa ta san shi, ko da na wuni ɗaya ne.

'Yan kwamitin taron kuwa sai ja mana rai suke yi. Yau su ce suna nazari, gobe su ce suna tuntuɓar hukuma. Mutanen gindin bishiya suka mai da wayar Baba kamar tasha. Ungozoma ta kira ta ce ta ji za a yi amma rabin mutane za a bari su shiga. Kafin ya ajiye, Mai Walda ya kira, wani ƙato mai murya kamar ana buga langa, ya ce ƙarya ne, shi ya ji daga majiya mai tushe cewa kowa a cikin motarsa zai zauna.

"To ku da kuke zuwa a kan babur fa?" in ji Baba.

"Sai in zo da bokiti in kifa a kaina!"

Su yi dariya, su ce Allah dai ya sa a yi. Tsofaffi ne duk. Tun da aka kulle gari ba su ga juna ba, wasunsu ma ba su da kowa a gida sai bango. A da ina yi musu kallon marasa aikin yi. Da na riƙa jin muryoyinsu a waya suna tambayar juna ko wane yana nan da rai, sai tausayinsu ya kama ni.

Baba bai zauna ba. Ya wanke tsohuwar motarsa, ya duba iskar tayoyi, ya fito da tabarmar ya shanya a rana. Ranar da na gan shi yana wanke filas ne haƙurina ya ƙare. Na fito da almakashi a hannu.

"Baba, bari in faɗa maka tun yanzu. Ko an yi Fili, ko ba a yi ba, ƙafarku ba za ta taka wurin ba."

Ya ɗago. "In ji wa?"

"In ji ni. Kai da hawan jini, ita da ba ta iya barin takunkumi a fuska ko na minti ɗaya. Ku shiga cikin dubban mutane kowa ya buɗe baki yana waƙa? So kake in binne ku a mako ɗaya?"

"Uwata," ya ce. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya. Kina wurin likita ya ce abin nan gaba yake yi, ba ya komawa baya. Bara wuni ɗaya na samu. Baɗi wa ya sani ko waƙar ma za ta tuna? Ni ba wani abu nake nema ba. Ta dube ni ta ce Direba. Ko zagina ne ta yi, in dai ta san wanda take zagi."

Ya ci gaba da wanke filas ɗinsa. Haushi ya cika ni, ga shi kuma na san ni ce mai gaskiya. Na koma shago na taka keke har allura ta karye.

Ƙanena Auta, wanda dokar kulle ta rutsa da shi a wani gari, shi ya kawo shawarar waya. Ya turo mana waƙar bara da wani ya ɗauka. Na haɗa da sifika, na zaunar da Mama a tsakar gida, Baba ya laɓe a bakin ƙofarsa. Molo ya fara, Mai Molo ya ja baitinsa, jama'a suka amsa, ga muryar Mama nan a sama tana jan su. Ta karkata kai tana saurare har aka kai rabi.

"Sun iya," ta ce. "Su wane ne?"

Na sake sa mata daga farko. Ta fara tsintar zare a bakin zaninta.

"Kashe, Uwata," in ji Baba. "An riga an amsa. Ba su bar mata wuri ba."

Da tsakar rana sanarwar ta zo. Ina cikin yanka na ji mai karanta labarai ya ce bisa la'akari da halin da ake ciki, kwamiti na baƙin cikin sanar da cewa ba za a yi taron bana ba. Baba ya saurara har ƙarshe, har da tallar sabulun da ta biyo baya. Sannan ya murɗa rediyon ya kashe, ya ajiye ta a kan taga. Na samu shirun da na daɗe ina roƙo, kuma wallahi da ban samu ba ya fi mini.

Ya naɗe tabarmar ya mai da ita bayan ƙofa. Ranar bai ci abinci ba. Ungozoma ta kira tana kuka, ya yi ta ba ta haƙuri kamar ba shi aka yi wa ba.

Bayan kwana biyu Mai Walda ya kira wayata, ba ta Baba ba.

"'Yata, ke ce hukumar gidan nan, shi ya sa na biyo ta kanki. Doka ta hana taro, amma ba ta hana mutane kaɗan su tsaya a waje nesa da juna ba. Mai Molo yana cikin gari, tun da aka kulle hanya yake gidan ɗansa. Ni zan ɗauko shi. Tunda mu ba za mu je Fili ba, sai mu kawo wa uwarki shi har ƙofar gida."

"Kawu, in wani ya yi tari a ƙofar gidan nan, da tsintsiya zan kore ku."

"Mun yarda. Ki kore mu."

Na gindaya musu sharuɗɗa. Kowa da takunkumi, ba musabaha, ba runguma, kuma inda na tsayar da mutum nan zai tsaya. Na ce ni zan ɗinka takunkuman don kada wani ya zo mini da tsumma. Ƙyallaye sun ƙare, sai wani farin yadi da ya rage, na yanka shi na ɗinka musu duka iri ɗaya. Da na gaya wa Baba, sai ya tashi ya je ya goge takalman Mama.

Ranar da aka tsayar, da la'asar na fito da allin ɗinki na zana da'ira-da'ira a kan simintin ƙofar gida, tsakanin kowacce da 'yar'uwarta tazara mai kyau. Suka fara isowa ɗaya-ɗaya, ba su kai goma ba. Kai, sun tsufa a 'yan watannin nan! Ungozoma ta rame har zobenta yana juyawa a yatsa. Da ta hango matar Mai Walda sai ta buɗe hannuwa ta nufe ta, ta tuna a tsakiyar hanya, ta tsaya, ta rungume kanta. Ni kuma ina bin su da kwalbar man goge hannu kamar 'yar sanda, ina tura kowa cikin da'irarsa. Mai Molo muka ajiye masa benci can tsallaken titi, shi kaɗai aka yarda ya sauke takunkumi. Maƙwabta suka leƙo ta tagogi.

Na sa wa Mama atamfarta mai kyau, na riƙo hannunta na fito da ita, na zaunar da ita a kujera a da'irar tsakiya. Baba ya cire mata takalma, ya koma bayanta ya tsaya riƙe da su. Shi ma na ce ya sa takunkumi tunda an fito waje.

Mai Molo ya taɓa tsirkiya. Yatsun Mama suka motsa a kan gwiwarta. Na gani, Baba ya gani, kowa ya gani.

"Hadari ya taso ta bayan dutse."

Ya saki.

Shiru. Har ƙarar wani babur da ya wuce can nesa muka ji. Duk sun zuba wa Mama ido ta saman fararen takunkumai, kowa ya riƙe numfashi. A iya shekarun da suka yi a gindin bishiyar nan ba wanda ya taɓa buɗe baki kafin ita, kuma ba ranar da suka zo dominta za su fara ba. Suna jiran kafaɗarta. Ita kuma ta dubi dama, ba kowa a jikinta, ta dubi hagu, ba kowa. Sai a lokacin na gane ba su kaɗai ke ɗauka a wurinta ba. Ita ma da ɗumin kafaɗunsu take sanin lokaci ya yi.

Mai Molo ya zagayo ya sake jan baitin. Wannan karon Mai Walda ya kasa daurewa, ya faɗa tun ba a gama saki ba, muryarsa a toshe cikin ƙyalle. Matarsa ta biyo shi a makare, Ungozoma ta shigo a tsakiya, wani tsoho a da'irar ƙarshe ya fara bayan kowa ya gama. Kamar an zubar da kwanuka a ƙasa. Wani yaro a taga ya tuntsire da dariya, uwarsa ta make shi.

Mama ta damƙe wuyan hannuna.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Mama. Waƙa ake yi. Ga Mai Molo can, kin gan shi?"

"To me ya sa suka rufe baki? Me ya sa suka tsaya nesa da ni?" Ta juyo ta dube ni. "Ni ce ba ni da lafiya? Asibiti kika kawo ni?"

Ungozoma ta ja takunkuminta ƙasa. "Ni ce, ƙawata. Dube ni da kyau, ni ce." Ta ɗaga ƙafa za ta tako. Wallahi da ta zo ma ba zan iya hana ta ba. Ita da kanta ta dubi layin allin, ta dubi Mama, ta mai da ƙafarta. Ta yi aikin asibiti shekara da shekaru, ta fi kowa sanin abin da numfashi ke ɗaukowa. Ta tsaya a da'irarta hawaye na zuba.

"Kai ni ciki," in ji Mama. "Don Allah kai ni ciki, tsoro nake ji."

Na kai ta ciki, na kwantar da ita, na zauna ina shafa mata baya har jikinta ya daina rawa. Daga ɗakin ina jin su a waje. Ba su watse nan take ba. Mai Molo ya ce tunda an zo, a yi ko ɗaya. Suka yi wata waƙa a tsakaninsu, a karkace, wannan na gaba wancan na baya, suna yi suna dariya suna share ido. Sannan na ji Mai Walda yana ba Baba haƙuri, babur ya tashi, titi ya yi tsit.

Da na fito rana ta yi sanyi. Baba yana zaune a kan benci a tsakar gida, ya cire takunkumi ya ajiye a gefe. Kuka yake yi. Ba sauti, kafaɗunsa kawai ke girgiza. Tun da nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƙanensa. Na rasa yadda zan yi, na shige shago na tsaya a bayan labule kamar ɓarauniya. Ina jin haushin cutar, da kwamiti, da farin yadin nan, da kaina.

Sai na ji motsi. Mama ce ta fito, ba takalmi, mayafi a kai. Ta tsaya tana kallonsa. Na yunƙura zan je in mai da ita, sai na ga ta nufi bencin, ta zauna a ɗaya ƙarshen, ta bar tazara irin wadda ake bar wa baƙo.

"Bawan Allah, lafiya? Me aka yi maka?"

Ya yi sauri ya share fuska da hannun riga. "Ba komai, Hajiya. Fili aka ce ba za a yi ba bana."

"Fili? Wa ya ce?"

"A rediyo suka faɗa."

Ta yi tsaki. "Rabu da su. Kada ka sa wannan a ranka. Mijina zai kai mu."

Baba ya ɗago a hankali.

"Direba ne," ta ce. "Shekara ba ta taɓa zagayowa bai kai ni ba. Ko mota ta lalace sai ya san yadda ya yi. Akwai wuri a baya, sai mu tafi da kai. Ba zai ce komai ba, ba shi da matsala."

"Na gode."

Ta ɗan matso, ta rage murya. "In gaya maka wani abu? Amma kada ka faɗa masa."

"Ba zan faɗa ba."

"Ba ya son waƙa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Baba? Na leƙa ta gefen labule. Bakinsa a buɗe.

"Ko kaɗan," in ji Mama, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Ganga ciwon kai take sa masa. Auduga yake cusawa a kunne, ya ja hula ya rufe. Yana zaton ban sani ba. Ni da nake wanke rigunansa, ina tsintar audugar a aljihu? Tun zuwanmu na farko na sani."

"To me ya sa ba ki taɓa gaya masa ba?"

"In gaya masa ya ji kunya? Mutum ya ɗauke ka ya kai ka, ya wuni a rana kansa na sarawa, don kawai ya ga kana murna. Ai sai ka bar masa sirrinsa." Ta gyara mayafi. "Ni in ina amshi ba jama'a nake yi wa ba. Da ƙarfi nake yi don ya ji ta cikin audugar."

Baba ya rufe fuska da tafin hannu. Ni ma na toshe bakina da labule don kada su ji ni. Shekara nawa ina cikin gidan nan, ina ganin na san kowa ciki da bai, ashe ban san komai ba.

"Haba, bawan Allah, ya isa mana," ta ce. "Babba da kai. Na ce maka za a je."

Ya sauke hannu, ya ja numfashi. "Mijin nan naki, Hajiya. Kin ji daɗin zama da shi kuwa?"

Ta dube shi kamar ya yi tambayar wauta.

"Da za a sake, shi zan sake ɗauka. Sai dai mantuwa gare shi, kullum sai na bi bayansa." Ta juya ta dubi ƙofar gida. "Ka ga har yanzu bai shigo ba. Amma yana hanya, ba ya kai magariba a waje. Kana sauri ne?"

"A'a. Ba inda za ni."

"To zauna ka jira shi ku gaisa. Za ka so shi."

"To," in ji Baba. "Zan jira."

Ya gyara zama, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Suka zauna su biyu a kan bencin, ita a wannan ƙarshe, shi a wancan, suna kallon ƙofa. Can ta ce da an san baƙo zai daɗe haka da an dafa shayi. Na saki labulen, na je na ɗora ruwa.